Shafi Goma Sha Huɗu a Kan Taƙaita Magana

Ni malamin Hausa ne, ko in ce na taɓa zama, don yanzu na ajiye alli. A Ƙauran Namoda na yi kusan duk koyarwata, kuma in ka tambayi waɗanda suka bi ta hannuna, abu biyu za su gaya maka: ina da saurin fushi, kuma ba na faɗin magana da kalma uku muddin akwai hanyar faɗinta da goma. Na biyun a matsayin yabo suke faɗinsa, ni ma a haka na riƙe shi shekara da shekaru.

Ba daga sama na ɗauko halin ba. A zauren mahaifina na tashi, inda ake ɗaukar karatu bayan la'asar. Dattawa masu furfura za su zauna a gabansa da littattafansu, ya karanta layi ɗaya ya tsaya, su ce na'am, ya warware, su sake cewa na'am. Layi guda kan ci musu zama guda. A wurinsa, littafin da za ka buɗe ka gane kai kaɗai ba littafi ba ne, wasiƙa ce. Kuma duk zaman da na yi a zauren nan ban taɓa jin wani ya ɗaga kai ya ce malam bai yi bayani da kyau ba. In ba ka gane ba, kanka ne bai buɗe ba, sai ka koma gida ka dawo gobe.

Bayan na yi ritaya da kamar shekara biyu, wata tsohuwar ɗalibata ta zo gida gaishe ni. Ta zama jami'ar lafiya, tana aiki da wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, inda rashin zaman lafiya ya raba mutane da gonakinsu. Ta yi min bayanin aikin. Suna zaɓen mata a ƙauyuka, a ba kowace wani ɗan tef mai kama da na tela, mai launi uku. Za ta bi gida-gida tana naɗa shi a damtsen yaro. In ya tsaya a kan ja, sai a tura uwar asibiti ta karɓo wani abinci mai kama da tunkuza a cikin 'yan ledoji. Ta ce awon ba shi da wuya. Abin da ke ba su wahala shi ne yi wa iyaye bayani su gane: cewa wannan na yaron da ba shi da lafiya ne shi kaɗai, a ba shi ruwa da shi, a wanke hannu, a dawo duk mako. Don haka take so in rubuta musu 'yar shawara a kan yadda ake bayani cikin sauƙi, wadda za a koya wa matan.

"Shafi biyu ma ya isa, Malam," in ji ta.

Na yi mata murmushin da babba ke yi wa yaro. Bayan ta tafi na sayo sabon littafin rubutu. Sati uku na yi a kai, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin satittikan nan fiye da duk wani lokaci tun da na bar aji. An tuna da ni, an zo har gida an ce ana bukatar alƙalamina. Na raba sauƙaƙa bayani zuwa rukunai biyar, kowane rukuni na ba shi sharuɗɗa uku, kowane sharaɗi na yi masa sharhi. Da aka buga shi a shagon masu kwamfuta na kusa da tashar mota, ya tashi shafi goma sha huɗu. Har yau ina iya kawo jumlar farko da ka, kamar yadda mutum ke tuna ranar da ya faɗi a gaban surukai:

"Wajibi ne a kan mai isar da saƙo ya ƙaurace wa lafuzza masu sarƙaƙiya da jumloli masu rassa, kasancewar ingancin sadarwa ya ta'allaƙa ne kacokan a kan daidaituwar zubin magana da matakin fahimtar wanda ake fuskantarwa."

Abin da nake nufi shi ne, yi magana yadda za a gane.

Matata na fara karanta wa. Tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, ni kuma na jawo kujera na gyara murya. Yabo na je nema, ba gyara ba. Na kai ƙarshen shafin farko ta ce in dakata. Ta tambaye ni ko wannan shi ne abin da zai koya wa mutane su yi magana a sauƙaƙe. Na ce shi ne. Ta ce to ita dai ta yi sakandare, ta yi shekara talatin tana jin Hausata safe da yamma, amma tun layi na uku ta ɓata.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce mata wannan ba don matan ƙauye aka rubuta shi ba, don masu koyar da su ne. Na ce wanda yake ƙera allura ba da allura yake ƙera ta ba, da guduma yake yi da wuta. Magana a kan sauƙi ilimi ne, ilimi kuwa dole ya zo da nauyinsa. Na ji daɗin misalin nan ƙwarai, har na yi tunanin ƙara shi a cikin takardar. Ba ta ɗago daga farantin wakenta ba ta ce ta yarda, amma tana da tambaya ɗaya: su waɗanda zan miƙa wa gudumar, maƙera ne ko teloli? Ban san amsar ba, don ban taɓa tambaya ba. Na ce mata ta ji da wakenta, na kwashi takarduna na shige ɗaki.

Ɗalibata ta zo ta karɓa. Na ga ta auna kaurinsa da yatsu, ta buɗe ta karanta kaɗan. Sai ta ce an gode, Allah ya ƙara basira. Daga baya na gane akwai maganar da ta zo mata har baki ta haɗiye. Ni na koya mata a aji uku, na taɓa sa ta tsallen kwaɗo saboda ta rubuta ƙa ba ƙugiya. Ba ta da bakin da za ta ce min Malam, wannan ya yi yawa. Maimakon haka sai ta roƙe ni in zo da kaina in koyar da shi, wataƙila tana ganin in na yi bayani da baki zai sauko.

A Zurmi aka yi taron, kwana uku, a wata firamare lokacin hutu. Mun bar Ƙaura da hantsi, bayan motoci sun taru, don hanyar ba a shigarta a ɗaiɗai. Da na shiga ajin na ga amsar tambayar matata zaune a kan bencin yara. Akwai 'yan mata kaɗan da suka gama sakandare, da littattafan rubutunsu a buɗe. Sauran duk manyan mata ne: ungozomai, masu kitso, masu sayar da ƙuli, irin matan da kowane gida a ƙauye yake buɗe musu. Yawancinsu ba su karanta boko. A nan ya kamata in ninke takardar in sa a aljihu, amma sai na gyara hula na fara karatu.

Yadda mahaifina yake yi na yi. In karanta jumla in tsaya, su ce na'am. In warware ta da wata jumlar da ta fi ta tsawo, su ce na'am. In na tambaya ko an gane, ajin gaba ɗaya ya ce an gane, Malam. Ni da na tashi a zaure na fi kowa sanin wannan na'am ɗin ladabi ne. Ba wata mace mai tarbiyya a ƙasar nan da za ta dubi dattijo mai karatu ta ce ba ta fahimce shi ba. Na sani, amma muryoyin sun yi min daɗi a kunne, na bar su suka ruɗe ni da saninna.

A bencin gaba akwai wata tsohuwa 'yar gajeriya, ungozoma daga Badarawa ta ƙasar Shinkafi. Kowa Inna yake ce mata, ni ma haka na kira ta. Ɗalibata ta raɗa min cewa rabin garinsu a hannunta suka faɗo duniya, kuma tun bara aka ba ta tef, tana aikin ba tare da an yi mata wani horo ba. A ɗaure yake a bakin zanenta inda mata ke ƙulle kuɗi. Na'am ɗinta ya fi na kowa ƙarfi. Tana dubana da idon nan na wanda ya daɗe yana marmarin karatu bai samu ba. Da aka tashi ranar farko ta durƙusa ta ajiye min ƙullin daddawa, ta ce a kai wa uwargida.

Rana ta biyu, lokacin hutun azahar, ina zaune a inuwar dalbejiya ina cin abinci, sai wata Bafulatana ta shigo harabar da goyo. Ta ji an ce ma'aikatan lafiya suna nan. Jami'an sun tafi sallah, sai Inna ta tashi ta tarbe ta. Abin da ya biyo baya a gabana aka yi shi, ban fi taku biyar da su ba.

Inna ta zauna a ƙasa daidai da matar. Ta kunto tef ɗinta ta naɗa a damtsen yaron, ta kama yatsan uwar ta ɗora a kan jan, don ta gani da idonta. Ta tambaye ta 'ya'ya nawa ta baro gida. Matar ta ce uku. Sai Inna ta ce, in wannan yana ciwon ido aka ba ki maganin ɗigawa, za ki bi sauran ukun kina ɗiga musu don kada su ce an yi wariya? Matar ta yi dariya ta rufe baki. Inna ta ce to abin da za a ba ki a leda haka yake, kamannin abinci gare shi amma magani ne, na mai ciwo ne. Tana yi tana sirka Hausa da ɗan Fulatancin da ta iya. Da ta gama sai ta karɓi yaron ta rungume, ta ce da matar:

"To yanzu ke ta ungozoma, ni ta uwar ɗa. Hwaɗa mani abin da zan yi in na koma gida."

Matar ta jero su, amma ta manta zancen ruwa. Inna ba ta ce mata kin manta ba. Ta ce bakinta ne ya yi sauri a wurin, bari ta sake. Ta sake, matar ta maimaita daidai. Duka abin bai kai tsawon cin tuwona ba.

Na gane abin da na gani. Rukunaina biyar ne, duka biyar ɗin, ta aikata su a zaune a kan ƙasa ba tare da ta san sunan ko ɗaya ba. Kuma na tuna sarai abin da ya zo min a rai, don shi ne abin da ya fi ci min rai yanzu. Ban ji farin ciki ba. Wani abu na ji mai kama da kishi. Na ce a raina, tana yi dai, amma ba bisa ƙa'ida ba.

Rana ta uku ita ce ta gwaji. Guraben da ƙungiyar ke da su ba su kai yawan matan da suka zo ba, dole a tace. Wadda ta ci za a bar mata tef da hijabin aiki, wadda ba ta ci ba ta mayar. Ɗalibata ta zo min da shawara a hankali, tana kallon ƙasa: me zai hana a sa kowace ta gwada yi wa wata bayani, a gani? Na ce mata ba wasan kwaikwayo muka zo yi ba. Jarrabawa daga abin da aka koyar take fitowa, haka aka yi min, haka na yi mata. Gaskiyar maganar ita ce na san in aka yi yadda ta ce, babu wanda zai sake tuna takardata.

Da baki aka yi. Ana kiran mace ta tsaya a gaban teburina in yi mata tambaya. 'Yan matan sakandare sun haddace, suka riƙa zubo rukunan kamar karatun allo. Da aka zo kan Inna ta taso da sauri, har tana gyara mayafi. Na ce ta kawo min rukunai biyar na sauƙaƙa bayani, da sharuɗɗan na farko.

Ta fara wata kalma daga cikin nawa, ta kakare a tsakiya, wasu 'yan mata suka ƙyalƙyale da dariya a baya. Ta daɗe a tsaye. Ina riƙe da biro, kuma abin da ya rage min kawai in ce Inna, nuna mana yadda kika yi jiya. Kalma shida ko bakwai ne. Na ji su a bakina, na haɗiye.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji ta. "Na ji shi duka, Allah ya sani na saurara. Amma kaina ya tsuhwa, bai zamna ba."

Na ja layi a gaban sunanta. Da aka karanta sakamako da la'asar, ba ta jira an tambaye ta ba. Ta kunce bakin zanenta ta fito da tef ɗin, ta miƙe shi a cinyarta ta shafa, ta kai wa ɗalibata da hannu biyu. Sannan ta zo ta durƙusa a gabana ta yi min godiya a kan karatu. Ta roƙi alfarma ɗaya, a bar mata takardar ta tafi da ita gida, ko za ta samu mai karanta mata. Na ba ta har ina sa mata albarka. A mota, hanyar dawowa Ƙaura, na yi kamar ina gyangyaɗi.

Aka ci damina, aka yi kaka. Ban gaya wa matata abin da ya faru ba, na ce mata dai taro ya yi kyau. Sai wata rana ɗalibata ta dawo. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, gaisuwar gida, gaisuwar jiki, kafin ta iso inda za ta. Yarinyar da aka ba gurbin Badarawa tana da ƙoƙari, in ji ta, amma in ta shiga gida takardata take buɗewa ta karanta wa iyaye, don ita aka koya mata. Iyayen su amsa mata da ladabi, ta fita, su yanka ledar su raba wa yara duka. Yaran da ya kamata su murmure a 'yan makonni sai a riƙa ganinsu suna dawowa yadda suke. Ta ce ko Malam zai yarda wani ya ɗan rage takardar.

Na fara da faɗa, kamar yadda na saba. Na ce laifin yarinyar ne, wa ya ce ta karanta wa iyaye? Ina cikin maganar na ji muryata ta yi min wani iri a kunne. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na yarinyar da ba ta yi komai ba sai abin da ta ga malaminta ya yi. Ni na tsaya a gabansu kwana biyu ina karanta takarda ga mutanen da ba sa ganewa, ina karɓar na'am. Darasin da suka ɗauka ke nan, ba wanda ke rubuce ba. Na ce wa ɗalibata ta bar min takardar, ni zan rage ta.

A ranar na zauna na rage ta da kaina. Ban sha wahala ba, kuma wannan ma abin kunya ne. Zauna daidai da ita. Nuna mata da idonta. Kawo misali daga cikin gidanta. Faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sa ta maimaita maka. In ta manta, ka ce kai ne ka yi sauri. Layi shida, kuma babu ko ɗaya da na ƙirƙira, kwafar abin da na gani a gindin dalbejiya na yi.

Har yanzu ban ce misalina na guduma ƙarya ne gaba ɗaya ba. Akwai masana da ke rubuta wa junansu magana mai nauyi a kan harshe, wannan tsakaninsu ne, ba su cuci kowa ba. Amma wanda ya ce zai koya wa mutum yadda ake magana a gane, to yadda ya faɗa ɗin shi ne rabin karatun, ko fiye. In ya faɗa da wuya, abin da mai sauraro zai tafi da shi shi ne cewa sauƙi abu ne mai wuya da ba nasa ba, na masu takarda ne. Ni dai ban rubuta shafukan nan don matan su gane ba. Na rubuta ne don a ce Malam bai tsufa ba.

Na roƙi ɗalibata a mayar da Inna. Ta ce ta yi magana da manyanta, sun yarda, in dai za ta karɓa. Ta nuna min sabon tef ta ce za ta aika da shi. Na ce a'a, ni na karɓe, ni zan kai.

Na bi ranar kasuwar Shinkafi, lokacin da motoci suka fi yawa a hanya, daga can na hau mashin zuwa Badarawa. Ban sha wuyar samun gidan ba, yaro da babba kowa ya san shi. Inna ta fito da sauri da ta ji an ce malamin Ƙaura ne, ta sa aka shimfiɗa min tabarma a zaure, aka kawo ruwa da fura. Kafin in ce komai ta koma ciki ta dawo da takardata. A cikin leda take, an naɗe ledar a cikin ƙyalle. Gefunan sun yi baƙi saboda buɗewa. Ta ce 'yar maƙwabtanta tana karanta mata in ta samu sarari, sun kai shafi na tara. Ta ce har ta riƙe sunan rukunai uku, ta kuwa jero min su tana murna, ni kuma ina jin kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Na gaya mata gaskiya, a sauƙaƙe, iyakar iyawata. Na ce Inna, na zalunce ki. Na ce abin da ke cikin takardar nan ke kin riga kin iya shi, kin fi ni iyawa, na gan ki da idona. Na ce rubutun ne ba shi da kyau, ba kanki ba. Na ciro tef ɗin na ajiye a kan tabarma a gabanta.

Ta saurare ni har na gama, tana murmushi irin na wanda ake lallashi. Sai ta ce Allah ya saka da alheri, ta san Malam mutum ne mai tausayi, amma kada in ɗora wa kaina laifi don in faranta mata.

"Ilimi na, Malam. In bai shiga ba, ba laihin mai shi na ba. Shekara nawa ina ta yi wa ɗiyan mutane bayani da ka, ashe akwai ƙa'ida ban sani ba. Allah kaɗai ya san ɓarnar da niy yi."

Na yi rantsuwa, na sake bayani, har na fara ɗaga murya. Ba ta yi min gardama ba, ba ta kuma yarda ba. Matar da in wata uwa ta manta magana take cewa bakinta ne ya yi sauri, yau ga shi na zo na ce bakina ne, ta ƙi bar min laifina.

Muna nan sai wata mata ta yi sallama daga bakin zaure, da yaro a kafaɗa, wuyansa ya yi siriri. Ta ce an ba ta ledojin nan a asibiti, tana so Inna ta gaya mata yadda ake yi. Na ga hannun Inna ya tafi bakin zanenta da kansa, ya tarar ba komai, ya dawo. Ta dube ni, ta dubi matar. Ta ce mata ta yi sa'a, ga babban malami ya zo daga Ƙaura, shi ya san ƙa'ida. Na ce Inna, don Allah ke ki yi. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta yin magana inda mai ilimi yake, in kuma ba ya nan, akwai yarinya mai takarda a bayan masallaci, can take tura su yanzu.

Ni na yi bayanin. Na ari misalinta na maganin ido, ina yi ina satar kallonta ko za ta gane kayanta. Matar ta yi dariya a daidai inda Bafulatanar nan ta yi. Inna ta gyaɗa kai ta ce wa matar, kin ji yadda masu karatu ke yi.

Na yi sallama kafin la'asar saboda hanya. Na bar tef ɗin a kan tabarma da gangan, na ce a raina in na tafi, ba kowa, wataƙila ta ɗauka. Na iso Shinkafi na samu mota, na zauna ina jiran ta cika. Saura mutum ɗaya mu tashi sai ga wani mai mashin yana bin motoci yana tambayar malamin Ƙaura. Na leƙo ta taga. Ya miƙo min wani ɗan ƙulli a tsumma mai tsabta, ya ce tsohuwar Badarawa ce ta biya shi ya biyo ni da gaggawa. Ta ce a gaishe ni, a ce Malam ya manta kayansa.